Darasi na 7: Askin Ƙwal-Kwabo Ba Tare da Ƙuraje Ba

Mutane da yawa suna son askin ƙwal-kwabo. Wani don sanƙo ya fara cin gaban kansa, wani don zafi, wani kuma haka kawai ya fi jin daɗi. Askin kansa ba wuya. Abin da ke biyo baya ne ke damun mutane: kwana biyu ko uku sai kai ya hau ƙaiƙayi, ƙuraje su feso a ƙeya, hula ma ta gagara sawa.

Me ke kawo ƙurajen?

Ciro silin gashi ɗaya ka duba shi da kyau. In gashinka mai murɗewa ne, za ka ga ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Reza tana yanke shi ta bar bakinsa da tsini. Idan aka yanke shi har ya nutse cikin fata, to ranar da zai sake tsirowa ba lallai ya sami hanyar fita ba. Sai ya soki fata daga ciki, ko ya fito ya lanƙwasa ya sake shiga. Jiki kuwa yana ɗaukarsa kamar sartse. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, wani lokaci har ya tara ruwa.

Shi ya sa mai neman kansa ya yi santsi kamar kwalba ya fi kowa shan wahala. Yana jan fata da yatsa, yana danna reza, yana maimaita wuri ɗaya sau huɗu. Duk wannan tura bakin gashi yake yi cikin fata. A ganina, gara kai ya ɗan yi kaushi a hannu da ya cika da ƙuraje. Mai kallonka daga nesa ba zai gane bambancin ba, amma fatarka za ta gane.

Kafin ka ɗauki reza

In sumar ta yi yawa, fara rage ta da injin aski ko almakashi har ta kwanta. Reza ba ta cin doguwar suma, cushewa take yi ta riƙa fizgar gashi.

Sannan ka wanke kai da ruwan ɗumi da sabulu, ka bar shi a jiƙe kamar minti 3. Kada ka raina wannan ɗan jira. Gashin da ya sha ruwa yana laushi, reza ta wuce shi ba gardama. Shafa man aski, ko kumfar sabulu marar ƙamshi mai ƙarfi, ta rufe ko'ina. Kada ka taɓa aske busasshen kai.

Kafin kumfar, shafa kanka da tafin hannu. Ta ɓangaren da ka ji laushi, nan gashi ya kwanta. Ta inda ka ji kaushi, ka saba masa. Gashin kai ba duka yake fuskantar wuri ɗaya ba: na tsakar kai yakan yi zagaye, na ƙeya kuma kowa da irin nasa. Ka kuma lura da inda kake da tabo ko wani ɗan tudu, don reza ta kauce masa.

Lokacin aski

Bi kwanciyar gashi. Ja rezar a hankali, ɗan gajere-gajere, kada ka danna. Ja biyu ko uku, sai ka ɗauraye ta. In wani wuri bai fita ba, ƙara kumfa kafin ka koma, kuma sau ɗaya ya isa. Ƙeya da bayan kunne a bar su ƙarshe, ka yi amfani da madubi biyu ko ka nemi wani ya taimake ka.

Rezar da ta dakushe ita ce babbar mai laifi. Da ka ji ta fara jan gashi, jefar da ita. Galibi bayan aski 5 zuwa 7 ta gama aiki, mai kaurin gashi ma ba ta kai masa haka. Rezar nan mai baki uku ko biyar tana ɗaga gashi ta yanke shi can ƙasa, don haka mai yawan ƙuraje ya fi dacewa da mai baki ɗaya. Wanda kuma ko yaya ya yi sai sun fito, ya haƙura da reza, ya koma injin da ke barin gashi kamar milimita 1.

In ka yanke, kada ka tsorata da jinin. Fatar kai jijiyoyin jini gare ta da yawa, ƙaramin yanka ma yakan zuba. Danne wurin da tsumma mai tsabta na ’yan mintoci, zai tsaya.

Bayan aski

Ɗauraye da ruwan sanyi, ka dangwala tawul, kada ka goga. Shafa mai marar turare, ɗan kaɗan. Mutane suna son zuba sipirit ko turare, suna cewa zafin shi ne alamar yana aiki. Zafin nan kukan fata ne, busar da ita yake yi.

Kan da ba gashi ba shi da inuwa. Sa hula marar matsewa in za ka daɗe a rana, ko ka shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko fiye (lambar ƙarfin kariya da ake rubutawa a jikin mazubinsa). Baƙar fata ma rana tana ƙona ta. Ka kuma ba kan hutun kwana 2 ko 3 kafin wani askin. Gashi bai cika wuce santimita ɗaya da ɗan abu a wata ba, babu abin gaggawa. Zancen da ake yi cewa yawan aski yana ƙara wa gashi kauri kuwa ba gaskiya ba ne.

Rezarka taka ce kai kaɗai

Wannan ya wuce batun ƙaiƙayi. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a raye cikin busasshen jinin da ido ba ya gani. Makero ma ta kayan aski yake yaɗuwa. In wurin mai aski ka je, ka ga an ɓare sabuwar reza a gabanka. Ba rashin kunya ba ne ka tambaya.

In ƙuraje sun riga sun fito, dakatar da aski har su kwanta. Kada ka matse su, kada ka tone su da allura. Idan suna fitar da ruwa, ko na ƙeya sun fara tauri suna haɗewa, je asibiti da wuri, don irin waɗannan sukan bar tabon da gashi ba ya sake fitowa a kansa.

Aikin gida

Yau da dare shafa kanka da hannu. Zana hoton kai a littafinka, ka sa kibiya a gaba, da tsakiya, da ƙeya, ta nuna inda gashinka ya kwanta. Ka zo da shi aji na gaba.