Yadda ake ɗaukar ma'aikaci a shago, a riƙe shi, a rabu ba a ɓata ba

A Kano, mai ƙaramar sana'a bai cika fita neman ma'aikaci ba, kawo masa ake yi. Kana zaune a shago bayan la'asar sai ga aminin mahaifinka ya shigo da wani saurayi a bayansa. A gaisa, a tambayi iyali da kasuwa, sannan ya ce, "Alhaji, ga ɗanka nan, ya gama sakandare yana zaune haka nan, ka riƙe shi a wurinka." Nauyin dattijo ya hana ka tambayar komai, ka ce ba damuwa Baba, washegari yaro ya fara zuwa. Na daɗe ina sarin kayan masarufi, taliya da sukari da man girki da sabulu, kuma yawancin rigimar maigida da yaronsa da na gani, daga Singa zuwa Kantin Kwari har Sabon Gari, a irin wannan yammacin aka shuka ta. Ni ma ta same ni, shi ya sa zan faɗi yadda nake yi yanzu.

Mataki na farko: san aikin kafin ka san mutumin

Ɗauki takarda ka rubuta abin da ya fi ƙarfinka a shagon. Lissafin kuɗi ne, ko ƙidayar kaya a sito, ko kai wa kwastomomi kaya, ko tsayuwa a kanta? Idan ka kasa rubuta aikin a layi biyar, ba ka shirya ɗaukar kowa ba tukuna. Wanda aka ɗauka don "ya riƙa taimakawa" shi ne za ka tarar yau yana sito, gobe an aike shi cefanen gida, jibi yana kai yara makaranta, ranar da kaya suka ɓace kuma babu wanda za a tambaya.

Doka ɗaya ce a nan ba na sassauta ta: mai riƙe kuɗi ba ya riƙe mukullin sito. Ko ƙaninka ne ciki ɗaya. Akawu ya rubuta rasit, mai sito ya fitar da kaya bisa rasit, da yamma a haɗa littattafan biyu. Wannan kariya ce gare su kafin ta zama kariya gare ka, domin ranar da lissafi ya ƙi fita kowa yana da abin da zai nuna.

Mataki na biyu: gwada shi, ko wa ya kawo shi

Ba sai ka shirya intabiyu irin ta banki ba. Miƙa masa kalkuleta da littafin rasit, ka ce wani ya sayi katan 37 na taliya da jarka 12 ta mai, ya biya rabi ta taransifa, sauran bashi ne, rubuta mini. Minti goma sun isa ka gane inda yake. Na ga mai digiri ya rikice a nan, na kuma ga wanda allo kawai ya yi ya fitar da lissafin da ka kafin in gama danna kalkuleta. Mai neman aikin sito kuwa, kai shi ciki ya ƙirga maka layi ɗaya, ka lura ko zai taɓa katan-katan na baya ko zai ƙiyasta da ido.

Malamanmu suna yawan tuna mana da abu biyu da aka yabi Annabi Musa (AS) da su lokacin da za a ɗauke shi aiki a Madyana, ƙarfi da amana. Ƙarfin ka gwada shi da kalkuleta. Amanar sai ka taka. Tambaye shi wurin wa ya zauna a baya, ka karɓi lambar tsohon maigidan ka kira shi da kanka, kada ka aika. Sannan a samu mai tsaya masa, babban mutum mai sana'a da adireshi, wanda zai sa hannu. Karɓi kwafin katin NIN na su biyun da hoto. Ka hau adaidaita sahu ka je ka ga gidan, in da hali ka gaisa da mai unguwa. Kuɗin motar nan bai kai kuɗin katan ɗaya na mai ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne riƙe ainihin takardun makarantar yaro a matsayin jingina, kamar yadda wasu ke yi. Kwafi ya wadatar, takardunsa haƙƙinsa ne.

Mataki na uku: albashi ne ko sallama?

A nan zan daɗe, don a nan na faɗi.

Kasuwar Kano tsari biyu take tafiya a kai, kuma mutane suna cakuɗa su ba su sani ba. Akwai tsohon tsarin yaron shago: yaro ya zauna da maigida shekaru, ana ba shi kuɗin abinci da na mota da ɗinkin sallah, wani lokaci har a yi masa aure, ba a maganar albashi, amma kowa ya san ranar da ya ƙware za a sallame shi da jari ko a buɗe masa shago. Manyan 'yan kasuwa da yawa a Kwari ta wannan hanyar suka tashi. Akwai kuma tsarin albashi: ka yi wata, a biya ka, ranar da aka rabu babu wanda ke bin wani jari.

Wani ɗan aminina ya zauna da ni shekara huɗu. Duk ƙarshen wata ina ba shi kuɗi, ni a raina albashi nake biya. Shi kuma a ransa kuɗin kashewa ne, yana jiran sallama. Bai taɓa tambaya ba saboda kunya, ni ma ban taɓa faɗa ba saboda na ɗauka a bayyane yake. Da ya tashi aure mahaifinsa ya zo ya ce, "To Alhaji, yaronka ya girma, sai a duba maganar sallamarsa." Na rasa abin cewa. Maganar ta kai gaban manyan layinmu, aka zauna sau biyu, daga ƙarshe na ba da abin da na iya, su suna ganin na rage, ni ina ganin na biya sau biyu. Yaron bai ci amanata ba ko sau ɗaya, kuma har yau abin da ke damuna ke nan: na rasa ma'aikaci nagari, zumuncin shekara ashirin ya yi sanyi, duk saboda jimla ɗaya da ba a furta ba a ranar farko.

Don haka kafin ya taɓa katan ɗaya, zaunar da shi tare da wanda ya kawo shi, ka faɗa da bakinka: "Baba, wannan aikin na albashi ne, babu sallama a ƙarshensa." Ko kuma: "Zai zauna shekara kaza, in Allah Ya kai mu zan sallame shi da kaza, ko da kaya na kimanin kaza." Za ka ji nauyin faɗa. Faɗa ɗin dai. In sallama ce, a ambaci shekarun, a ambaci abin da za a bayar, a kuma faɗi abin da zai biyo baya idan ya tafi kafin lokaci ko kai ka ga ba za ka iya ci gaba da shi ba. Da yake darajar naira tana sauyawa, ni na fi son a ƙayyade sallama da kaya, misali katan kaza na kaza, maimakon a ambaci kuɗi.

Sannan a rubuta. Mutane suna ɗauka takarda ta manyan kamfanonin Bompai da Sharada da Challawa ce kawai. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata 3 su cika da farawa. Ni ba na jiran wata ukun, ranar farko nake bayarwa. Shafi ɗaya ya isa, kuma da Hausa, in ma da ajami ya fi iya karatu a rubuta masa da ajami. A sa sunan shago da nasa, aikin da zai yi, ranar farawa, lokacin buɗewa da tashi, albashi da ranar biya, ko kuɗin abinci yana cikin albashin ko daban yake, ranar hutu, da wa'adin da kowa zai ba ɗan'uwansa in za a rabu. Maganar kuɗin abincin nan kada ka raina ta, ta fi komai kawo gunaguni a wata na biyu. A rubuta yadda lokaci zai kasance ranar Juma'a da kuma watan azumi. A karanta a bayyane gaban shaidu biyu, kowa ya sa hannu, kwafi ɗaya a wurinka ɗaya a wurinsa.

Abin da doka ta tanada wanda ya kamata ya shiga takardar ba shi da yawa. Hutun kwana ɗaya a kowane mako. Hutun shekara na aƙalla ranakun aiki 6 da cikakken albashi bayan ya cika wata 12. Har kwana 12 a shekara na rashin lafiya da albashi, in likita ya tabbatar. Idan mace ka ɗauka, tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata 6 tana aiki. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, Gwamnatin Kano kuma ta sa 71,000 ga nata ma'aikatan. Dokar mafi ƙarancin albashin ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma kai ma ka san kuɗin kwanon shinkafa da na mota daga Rijiyar Lemo ko Hotoro zuwa kasuwa kullum. Wanda albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ka ajiye shi kusa da kuɗinka cikin jarrabawa.

Sai maganar asara. Al'adar kasuwa ita ce in kaya sun ɓace a zaftare albashin yaro nan take. Doka ba ta yarda a ci ma'aikaci tara ba, cire kuɗin asarar da sakacinsa ya jawo ma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin ba. Haka bashin da ake ba ma'aikaci a kan albashinsa, kada ya wuce na wata guda. Wannan ta ƙarshen ta taimake ni sosai, don na ga yaran da bashin maigida ya yi musu yawa har suka daina ganin amfanin zuwa aiki.

Mataki na huɗu: watanni ukun farko

Gwaji wata uku, a rubuce cikin takardar. Makon farko kada ka bar shi shi kaɗai, haɗa shi da tsohon hannu ya nuna masa farashi, da kwastomomin da ake ba bashi da waɗanda ba a ba. Koya masa tun ranar farko cewa ba a sakin kaya don an nuna masa hoton taransifa a waya, sai kuɗi sun shigo asusu. Duk ƙarshen wata a ƙirga sito tare da shi. In za ka yi masa faɗa, ja shi cikin sito, ba a gaban kwastoma ko 'yan dako ba. Yaron Kano zai jure ƙarancin kuɗi fiye da yadda zai jure tozarci.

Mataki na biyar: biya a ranar da ka ce

Hadisin nan na a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi, amma sai ka ga an kai goma ga wata ana cewa kasuwa ba ta motsa ba. Ware albashi kafin ka yi sabon sari. Ni ta banki nake biya saboda shaida, goron sallah da kayan azumi kuma kyauta ce daban, ba na lissafa su cikin albashi. Idan harka ta buɗe ma'aikata suka kai 15, dokar fansho ta 2014 ta hau kanka: kai ka zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Akwai kuma kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi da ake biyan hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF bisa dokar 2010, domin diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Mai direbobi da masu lodi kada ya yi wasa da wannan.

Mataki na shida: ya ƙaru a hannunka

Sau ɗaya a shekara, ni bayan babbar sallah nake yi, zauna da kowane ɗaya shi kaɗai. Faɗa masa abin da ya gyara da abin da ya rage, ka saurari nasa, ka duba albashinsa. Juya su a ayyuka: mai sito ya koyi rasit, akawu ya bi ka wurin dila ya ga yadda ake ciniki. Wanda ya nuna kai, biya masa kuɗin koyon kwamfuta, in yana son karatun yamma a Kano Poly ko na ƙarshen mako a sassauta masa lokaci. Wasu suna tsoron in yaro ya iya zai tafi. Zai iya tafiya, amma yawancin waɗanda suka bar wurina da daɗi yanzu a hannuna suke sari.

Mataki na bakwai: rabuwa

Gargaɗin baki, sannan na takarda, sannan sallama daga aiki, sai dai in sata ce da hujja a hannu. Wa'adin da doka ta sa shi ne kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 in bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama, ko a biya kuɗin wa'adin. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano, kuma takardu take dubawa. Kira wanda ya tsaya masa ya zo, a ƙirga sito, a karɓi mukulli, a biya shi ragowar haƙƙinsa a ranar, ya sa hannu cewa ya karɓa.