Yadda ake raba fuskar fayil ɗin STL zuwa iyakoki kafin kwaikwayon gudanar ruwa

Tsarin fayil na STL, wanda ake adana siffar fuskar abu a cikinsa, kuma kamfanin 3D Systems ya fito da shi a 1987, ba ya ɗauke da komai sai tarin ƙananan alwatika, kowace da kusurwoyinta uku da kibiyar da ke nuna inda take fuskanta. Shi ya sa idan aka shigo da zanen bututu mai gwiwa cikin OpenFOAM, manhajar kwaikwayon gudanar ruwa, takan gan shi fata guda, ba ta san mashigar ruwa ba, balle mafitarsa. Alhali kuwa lissafi ba ya tafiya sai an ba kowane ɓangare sharaɗinsa: sauri a mashiga, matsi a mafita, da tsayawar ruwa a jikin bango.

Kafin a raba komai, a gudanar da umarnin surfaceCheck na OpenFOAM domin tabbatar da cewa fuskar a rufe take, babu huji. A duba ma'auni ma, domin STL ba ya adana shi. Idan da milimita aka yi zanen, sai a ninka shi da 0.001 ta hanyar surfaceTransformPoints, tun da OpenFOAM da mita yake aiki.

Hanya mafi sauri ita ce rabawa ta kusurwa, wadda umarnin surfaceAutoPatch yake yi. Manhajar tana duba kowane gefe da alwatika biyu suka haɗu a kansa, idan karkatar da ke tsakaninsu ta wuce haddin da aka sa, sai ta ja iyaka a wurin. Lambar da ake ba umarnin ita ce kusurwar da ke tsakanin alwatikan biyu, wadda take digiri 180 idan suna shimfiɗe. An saba sa digiri 150, wato duk karkatar da ta haura digiri 30 za a ɗauke ta a matsayin iyaka. Murfin bakin bututu yana haɗuwa da bango a digiri 90, don haka yakan rabu ba tare da wahala ba. Matsalar tana jikin bututun kansa: idan an kewaye shi da fuskoki 24, karkatar maƙwabta digiri 15 ce, bangon zai zauna guda, idan kuwa fuskoki 8 ne kacal, karkatar ta kai 45, sai bangon ya tarwatse gunduwa-gunduwa. Akwai kuma akasin haka, inda mai zane ya lanƙwasa gefe ya yi sumul, manhajar ba ta ga inda za ta yanka ba, sai mashiga ta haɗe da bango. A ganina ɓata lokaci ne a yi ta sauya lambar ana neman wadda za ta gyara duka biyun. Gara a koma manhajar zane a sake fitar da fayil ɗin da alwatika masu yawa domin bangon ya zauna guda, gefen da aka lanƙwasa kuwa sai a ware shi da hannu.

Kusurwa siffa kawai take gani, ba ta san abin da injiniya yake son lissafawa ba. Idan wani yanki na bango ne ake zafafawa, babu gefen da zai nuna shi, dole a ware shi da hannu, ko dai a zaɓi alwatikarsa a manhajar zane ta Blender a fitar da su daban, ko kuma a bari sai an gina raga, wato ƙananan ɗakunan da ake kasa cikin bututun domin lissafi, a kama fuskokin da akwati a umarnin topoSet, sannan umarnin createPatch ya mayar da su iyaka. Wanda ya bi ta Blender ya kiyaye ƙa'ida guda: daga fuska ɗaya za a yanko dukkan ɓangarorin, kada a sake wa kowanne alwatika shi kaɗai, domin gefunan ba za su dace ba, ragar kuma ta yoye ta tsagar.

A adana ɓangarorin a STL na rubutu, domin shi ne yake riƙe suna bayan kalmar solid, a haɗe su cikin fayil guda, a rubuta sunayen a sashen regions na snappyHexMeshDict, fayil ɗin saitunan gina raga, harafi da harafi. Bayan an gina raga, a buɗe ta a ParaView, manhajar kallon raga da sakamako, a kunna iyakokin ɗaya bayan ɗaya, sannan a gwada faɗin mashiga da wanda lissafin da'ira ya bayar kafin a sa sharaɗin sauri.