Yadda ake gane kujera da fitilar shekarun 1950 na ainihi kafin a biya kuɗi

A shekarar 1949 aka kai wani gida na ƙarfe da alminiyom birnin Yamai, ƙirar Bafaranshen nan Jean Prouvé. Aka kafa wasu biyu irinsa a Barazabil, babban birnin Jamhuriyar Kongo, a 1951. Gidajen suka tsufa ba mai ɗaga kai ya dube su, har wajajen 2000 da wani dillali daga Faransa ya saye su, ya kwance, ya kwashe. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Barazabil a New York, ya tashi a kusan dala miliyan 5. Haka ta faru da kujerun da Pierre Jeanneret ya zana wa ofisoshin birnin Chandigarh na Indiya: an jibge su a matsayin tarkace, dillalai suka kwashe a arha, sai a 2011 gwamnati ta hana fitar da su.

Wannan labari yana ci mini rai, domin abin da ya raba mai sayarwa da mai saye ido ne kawai. Kayan wancan zamani, daga ƙarshen yaƙin duniya na biyu zuwa ƙarshen shekarun 1960, har yanzu ana cin karo da su a tsofaffin gidajen ma'aikata da cikin kayan gwanjo na Turai. Sai dai na jabu sun fi na ainihi yawa. Ga yadda ake tantancewa.

Da farko ka san abin da kake nema tun kafin ka bar gida. Kayan suna da kama: ƙafafu sirara masu tsukewa zuwa ƙasa, ba sassaƙa, ba kwalliya, katako a fili ana ganin jijiyarsa. Kada ka ce za ka haddace duka. Zaɓi ƙira uku ko huɗu ka san su ciki da bai. Misali kujerar Hans Wegner mai baya kamar harafin Y, wadda kamfanin Carl Hansen na Denmak yake yi tun 1950. Ko kujerar hutawa ta Charles da Ray Eames, wadda kamfanin Herman Miller ya fitar a Amurka a 1956. Ko fitilar PH5 ta Poul Henningsen, ta 1958. A kayan Ingila kuma, masu tambarin G Plan da Ercol ne aka fi samu, kuma kuɗinsu bai kai na waɗancan ba, don haka da su ya kamata sabon shiga ya fara. Ka tafi da tocila, da tef ɗin awo, da hotunan na ainihi a wayarka, har da awonsu.

Na biyu, kuma nan ne aikin yake: kifa kujerar. Fuska kowa yana iya gyara ta, amma ƙasan kujera ba ya ƙarya. Haska tocila ka nemi tambari, ko takarda a manne, ko hatimin da aka ƙona a jikin katako, ko ɗan ƙarfe mai suna. Kayan Denmak da yawa suna ɗauke da zagayayyen hatimi mai rubutun Danish Furnituremakers Control, wanda aka fara amfani da shi a 1959. Idan ka ga tambari, kada ka yi saurin murna. Dubi ko ya tsufa tare da katakon da ke kewaye da shi. Takarda fara fes a kan katakon da ya yi duhu abin tambaya ce. Idan kuma ba tambari, wannan bai kashe maganar ba, takarda tana ɓallewa cikin shekara sittin. Wani lokaci za ka ga inuwar inda ta zauna, wurin ya fi sauran haske.

Daga nan sai mahaɗai. Kafintocin wancan lokaci suna shigar da katako cikin katako su sa gam, ba su cika dogaro da ƙusa ba. Shafa da yatsa inda hannun kujera ya haɗu da ƙafa. A ta ainihi yatsanka zai wuce sumul, kamar ice ɗaya ne. Idan tebur ne ko kabad, zare durowa gaba ɗaya ka duba kusurwarta, ka ga ko an sarƙa katakon kamar yatsun hannu biyu. Ka kuma sunsuna cikinta. Tsohon katako yana da ƙamshinsa, sabon gam da sabon banish ma suna da nasu warin.

A nan akwai kuskuren da mutane da yawa suke yi. Suna ganin an manna siririn fallen katako mai kyau a kan wani katakon sai su ce jabu ne. Ba haka ba ne. Yawancin tebura da kabad na Denmak da Ingila haka aka yi su tun asali, fallen katakon da ake kira tik (teak) a sama, wani katako a ciki. Abin da zai sa ka ja baya shi ne ka ga leda ce mai zanen katako, wadda zanenta yake maimaita kansa, ko ka ga cikin allon garin katako ne mai laushi kamar fulawa da aka matse, domin irin wannan allo sai daga baya ya bazu.

Kowace shahararriyar ƙira kuma tana da sirrinta. Kujerar Eames ta ainihi ba a ganin kan sukuru a bayan ɓawon katakonta, da wasu robobi aka haɗa ta daga ciki. Ƙafarta yatsu biyar ne, na abin ɗora ƙafa huɗu, kuma ba ta da hannun da ake ja ta kwanta, a karkace take zaune yadda aka yi ta. Kujerar Wegner mazauninta igiyar takarda ce da ake saƙawa da hannu, kusan mita 120, saƙar a matse. Fitilar PH5 faɗinta santimita 50, kuma an jera faranta ne yadda duk ta inda ka tsaya ba za ka hangi ƙwan ba. Idan ƙwai ya kashe maka ido, ko ba ita ba ce, ko an taɓa ta. Fito da tef ka auna. Masu kwaikwayo sukan kuskure awo.

Na uku, nemi ciwo. Ƙananan ramuka kamar na allura aikin ƙwaro ne. Shimfiɗa farar takarda a ƙasa ka bubbuga ƙafar kujerar. Idan gari mai haske ya zubo, ƙwaron yana ciki da ransa, kuma zai bi sauran kayan gidanka. Duba gindin ƙafafu saboda gara da laima. Mahaɗin da yake girgiza kafinta mai haƙuri zai gyara shi. Ƙafar da aka canja, ko saman teburin da aka kankare har aka huda fallen, wannan ya tafi ke nan, kuma dole ya rage kuɗi.

Fitila kuwa kada ka jona ta a wuta a wurin ciniki don kawai ka ga ko tana kamawa. Tsohuwar waya robarta tana bushewa ta farfashe. Kai wa mai gyaran wuta ya canja waya da filogi, wannan gyara ne da masu tara kaya suka yarda da shi. Idan ta Amurka ce, ka tuna an yi ta ne don wuta mai ƙarfin volt 110 zuwa 120, tamu kuwa wajen 230 ce.

Na huɗu, ciniki. Tambayi mai kaya daga ina abin ya fito, hannun wa ya bi, ko akwai tsohon rasit ko hoto. Kada labari mai daɗi ya sa ka manta abin da idonka ya gani a ƙasan kujera. Ra'ayina kuma shi ne, idan ka tarar da kaya mai daraja a hannun dattijon da bai san abin da yake riƙe da shi ba, ka biya shi abin da zai ji daɗi. Abin da aka yi wa Yamai bai kamata mu yi wa junanmu ba. Akwai kuma batun doka: wani jan katako mai duhu na Burazil, wanda aka yi kujerun Eames na farko da shi, an sa shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, wadda ke kare dabbobi da tsirrai daga ƙarewa saboda ciniki, ta tsaurara cinikinsu a 1992, saboda haka ba a tsallaka iyaka da shi sai da takarda.

Na biyar shi ne wanda na fi so a ji ni a kai: idan ka kawo gida, kada ka yi gaggawar sabunta shi. Na taɓa ba wani kafinta ƙaramin tebur na tik, na ce ya ɗaure mini ƙafa ɗaya da ke rawa. Da na koma, ya bi shi da injin goga, ya malala masa banish mai ƙyalli, yana jiran in yaba. A kusurwa ɗaya fallen ya hude, farin katakon ciki ya leƙo, domin kaurin fallen sau da yawa bai kai milimita 1 ba. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma launin da shekaru suka ba teburin ya tafi, ba ya dawowa. Tun daga ranar nake tsayawa a kan duk aikin da za a yi.

Abin da ake yi kaɗan ne. Jiƙa tsumma mai laushi da ruwan sabulu mara ƙarfi, matse shi sosai, goge bin jijiyar katako, ka tsane nan take. Idan asali mai aka shafa wa katakon, ba banish ba, sai ka sa man katako kaɗan, ka jira wasu mintuna, ka goge ragowar tas. Fara gwadawa a wurin da ido ba ya gani. Tsumman da ya sha irin wannan mai kada a dunƙule shi a jefa a lungu, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ko a tsoma shi a ruwa.

Sai wurin ajiya. Kayan nan an yi su ne don iskar Turai, hunturunmu kuwa yana tsotse laimar katako har mahaɗai su saki, falle ya ɗaga. Nisanta su da taga mai rana da bakin na'urar sanyaya ɗaki, kuma kada ƙafarsu ta zauna a ƙasa mai laima da damina. Daga ƙarshe ɗauki hoton tambarin da mahaɗan, ka rubuta ranar da ka saya, da wurin, da duk gyaran da aka yi, ka adana takardar tare da rasit.