Yadda ake shirya tafiyar sa-kai don gina wa marasa ƙarfi gidaje a Tijuana

A unguwannin da ke bayan birnin Tijuana na ƙasar Meziko, iyalai da yawa sun mallaki ɗan fili amma ba su da halin gini, sai su zauna cikin rumfar tsofaffin katakai da tamfol. Saboda haka ne 'yan sa-kai ke tsallakowa daga San Diego ta Amurka su yi kwana biyu zuwa huɗu suna tsayar musu da ƙaramin gida. Ƙungiyar Amor Ministries ta fara wannan aiki tun 1980, ƙungiyar Casas por Cristo kuma tana yin irinsa a birnin Ciudad Juárez na Meziko daga El Paso ta Amurka.

Abu na farko shi ne zaɓen ƙungiyar da za ka bi, kuma a ganina nan ne ya fi cancanta mutum ya ɓata lokaci. Ka tambaye su wa ke tantance iyalin da za a gina wa gida, domin ƙungiyar kirki tana barin wannan hukunci a hannun shugabannin unguwa waɗanda suka san wanda ruwan sama ke kwana a kansa. Ka kuma tabbatar suna duba takardun fili kafin a zuba daɓe, gudun kada a kori iyali bayan an gama aiki. Yawancin waɗannan ƙungiyoyi na Kirista ne, don haka wanda ba addininsa ba ne ya nemi bayani tun da wuri kan abin da tsarin tafiyar ya ƙunsa.

Sai batun takardu. Ka riƙe fasfo, idan kuma da mota za ku shiga, ku sayi inshorar Meziko, don ta Amurka ba ta wadatarwa a can. Wanda ke zaune a Amurka da fasfon wata ƙasa, kamar Najeriya ko Nijar, ya duba ko bizarsa ta ba shi damar komowa kafin ya ƙetare, kuma kowa ya sa rai da dogon layi a mashigar San Ysidro, da ke kan iyakar Tijuana da San Diego, ranar dawowa.

Kayan tafiya ba su da yawa: takalmi mai kauri, safar hannu, hula, ruwan roba, da allurar rigakafin tetanus saboda ƙusoshi.

A wurin aiki, ranar farko ta fi kowace wahala, domin a wasu wuraren da shebur da baro ake kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, ba inji ba lantarki. Bayan daɓen ya sha iska ake haɗa bangon katako a kwance a ƙasa, sannan mutane da yawa su ɗaga shi tare a kafa, a ɗora rufi, a yi yaɓe. Duk ƙwarewarka, ka bi umarnin maginin da ƙungiya ta naɗa. Idan uwargida ta nuna inda take son ƙofa ta kalla, a saurare ta, tun da ita za ta zauna a ciki, kuma kada ka ɗauki hoton 'ya'yanta sai ka nemi izininta.