Yadda Ake Kunna Wasan Windows a Linux Daga Filashi

Da farko a tsara filashin da ext4 (tsarin ajiye fayiloli na Linux), domin tsarin FAT32 ba ya karɓar mahaɗan fayiloli (symlinks) da manhajar Wine, mai kunna manhajojin Windows a Linux, ke ƙirƙira, kuma ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4. Bayan an kwafe wasan zuwa filashin, sai a buɗe Terminal (tagar rubuta umarni) a cikin foldarsa a rubuta wannan, a sa sunan fayil ɗin wasan a madadin wasa.exe:

WINEPREFIX="$PWD/gida" wine wasa.exe

Wannan umarni zai sa Wine ta gina ƙaramin muhallin Windows a foldar "gida", inda rajista (ma'ajiyar saitunan Windows) da galibin ajiyar wasan za su zauna, ta yadda za a ci gaba a wata kwamfutar Linux mai Wine. Idan hoto yana sarƙewa, a saka DXVK, manhajar da ke taimaka wa hoton wasanni gudu a Wine. Wasannin intanet masu manhajar hana maguɗi kuwa, yawancinsu ba sa tashi.