Babi na 6: Zuwa Gidan Injin Wanki

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. A buɗe littafi, a ɗora yatsa a kan layin farko. Babu gaggawa.

Gidan injin wanki shago ne da aka jera injuna a ciki. Mutum ya kai kayansa, ya biya, inji ya wanke. A nan Akara, babban birnin Ghana, irin waɗannan shaguna suna da amfani ƙwarai ga mazauna unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango, inda gida ɗaya yake ɗauke da iyali da yawa, igiyar shanya ɗaya ce, famfo kuma ba kullum yake kawo ruwa ba. A watan Mayu da Yuni, lokacin da ruwan sama yake sauka ba ƙaƙƙautawa, zanin gado yakan kwana biyu a igiya bai bushe ba, har ya soma warin raɓa.

Darasi na 1: Shiri tun daga gida

Rabin aikin a gida ake yin sa. A zazzage kayan a kan tabarma, a kasa su uku: farare, masu duhu, sai masu launi irin atamfa da shadda. Sabuwar atamfa da shadda mai rini suna zuba. Ga yadda ake ganewa: a jiƙa bakin zanin da ruwa, a danna farin ƙyalle a kai, a ƙirga zuwa 20. Idan launi ya fito a ƙyallen, wannan zani ba zai shiga inji da sauran kaya ba. Batakari da kente da leshi mai duwatsu da babbar riga mai aiki, a bar su a gida, na wankin hannu ne.

A laluba kowane aljihu. Kwabban pesuwa, carbi, biro, katin Ghana, guntun goro, allurar hijabi. Goro yana barin tabo ja da ba ya fita da sauƙi. Biro ɗaya ya isa ya ɓata fararen kaya gaba ɗaya. Allura kuma takan huda robar bakin ƙofar inji, ruwa ya riƙa yoyo, a ce ku biya. A ja zif a rufe, a ɗaure mazagin wando, a birkita wandon jins.

Kayan da najasa ta taɓa, kamar na jariri, a ɗauraye wurin a gida tukuna. Wuyan riga da hammata a goga musu sabulun Key kaɗan.

Kowane kashi a leda daban, sannan a zuba su cikin babbar jaka. A ƙirga kayan a rubuta a takarda: riga 6, zani 4, tawul 2. Wannan ma aikin rubutu ne, a yi shi da hannun kai, kada a ba yaro.

Darasi na 2: Durowar sabulu

A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a nan. Wanda ya gaji ya sha ruwa ya dawo.

Injin da ƙofarsa take gaba, mai zagayayyen gilashi, yana da 'yar durowa a sama, galibi ta hannun hagu. A jawo ta. Za a ga ramuka uku. Kowane rami da alamarsa:

I, wato sanda ɗaya.
II, wato sanda biyu.
Sai hoton fure.

Garin sabulu yana shiga ramin sanda biyu. A faɗa da baki: sanda biyu. A sake faɗa: sanda biyu.

Ramin sanda ɗaya na jiƙon farko ne, wanda ake yi wa kaya masu dauɗa sosai, kamar na makaniki. Idan ba a zaɓi jiƙon farko ba, ruwa ba ya bi ta ramin nan yadda ya kamata. Sabulun zai zauna a wurin ya dunƙule, inji ya yi ta juya kayanku cikin ruwa zalla. Ku biya kuɗi, ku jira, ku ɗauko kaya da dauɗarsu. Ramin fure na ruwan ƙamshi ne mai tausasa tufafi, inji yana jan sa a ɗauraya ta ƙarshe. Wanda ya zuba sabulu a ramin fure, sabulun zai sauka bayan an gama wanki, kaya su fito da santsi da farin gari a jiki, su sa yara ƙaiƙayi.

Ga abin da yake rikitar da mutane. Mun koyi ƙirga daga hagu zuwa dama, ɗaya sannan biyu. To injuna da yawa ba su bi wannan tsari ba: sanda biyu tana hagu, fure a tsakiya, sanda ɗaya a dama. Wani injin kuma ya sauya. Saboda haka kada a ce "na farko" ko "na ƙarshe". A sunkuya a duba alamar. Wani lokaci an zana ta ne a jikin robar ba tare da fenti ba, sai an shafa da yatsa ake jin ta. A shafa. Sanda nawa yatsa ya ji? Idan biyu ne, nan ne.

Wanda ya rikice ba laifinsa ba ne, rubutun ƙanana ne ƙwarai. Ku ɗauki fensir. A zana murabba'i uku a littafi. A sa II a ɗaya, fure a ɗaya, I a ɗaya. A kewaye II. Madalla. A sake zanawa, a sauya musu wuri, a sake kewaye II. A yi haka sau biyar.

Nawa ake zubawa? Cikin ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya ya isa wanki madaidaici. Idan injin babba ne kuma ya cika, ɗaya da rabi. A nemi garin sabulun da aka zana hoton inji a jikin ledarsa, ko aka rubuta AUTOMATIC. Omo na wankin hannu kumfarsa ta yi yawa ga irin wannan inji. Na san mun saba da cewa kumfa ita ce shaidar wanki, amma a cikin inji kumfa mai yawa tana hana tufafi gugar juna, tana hana ɗauraya, har takan ɓulɓulo ta durowa ta malale ƙasa.

Kuma don Allah, Hajiya, a daina ƙara "ɗan kaɗan don albarka" bayan an auna. An faɗa, an sake faɗa, amma duk da haka sai a ga hannu ya koma cikin leda. Gwangwani ɗaya. A ina? Sanda biyu. Ba fure ba, ba sanda ɗaya ba. Wanda bai tabbata ba ya kira ma'aikacin wurin ya ce, "Ɗan'uwa, nuna mini sanda biyu." Tambaya ba ta rage girman kowa.

Darasi na 3: Loda kaya da karanta lambobi

A jikin inji akwai lamba da haruffa kg, misali 8 kg ko 10 kg. Nauyin busassun kayan da zai iya ɗauka ke nan. Ba sai an nemo sikeli ba: a zuba kaya ɗaya bayan ɗaya, a warware, kada a cusa su a dunƙule. Sannan a sa hannu a tsaye a saman kayan. Idan tafin hannu ya shiga tsakanin kaya da rufin gangar, wato cikin injin da yake juyawa, daidai ne. Idan bai shiga ba, a rage. Kayan da aka danƙara ba sa juyawa, na tsakiya ko jiƙewa sosai ba sa yi.

A tura ƙofa har a ji ƙas. A duba kada bakin zani ya maƙale.

Lambobi 30, 40, 60, 90 zafin ruwa ne. Atamfa da masu duhu, 30. Kayan yau da kullum, 40. Farin tawul da zanin gado, 60. Ku manta da 90. COTTON na kayan auduga ne. QUICK wankin sauri ne, na kaya kaɗan marasa dauɗa. START shi ne maɓallin tashi. Kafin a danna shi, a sake jawo durowa a duba: sabulu yana sanda biyu?

Idan allon inji ya nuna 0:45, saura minti 45. Idan 1:10 ne, awa ɗaya da minti 10. Bayan ya tsaya, ƙofa takan ƙi buɗewa na minti ɗaya ko biyu. A jira, kada a fizge hannun ƙofar, karyewa yake yi. Haka in dumso, wato ɗaukewar wuta, ta faɗo ana tsakiyar wanki: a bar ƙofa, a kira ma'aikaci. Tun kafin a biya ma, yana da kyau a tambaya ko suna da janareta.

Darasi na 4: Kuɗi da zaman jira

A tambayi farashi kafin a sauke jaka: da kilo ake biya ko da cikin inji? Busarwa tana ciki? Idan da MoMo, wato tura kuɗi ta waya, za a biya, a karanta suna da adadin sidi a waya kafin a sa lambar sirri.

Ranar Asabar da yammacin Alhamis layi yakan yi tsawo. Safiyar Talata ko Laraba ta fi sauƙi. A tafi da maƙwabciya, ku haɗa fararenku a inji ɗaya ku raba kuɗin, ku taimaki juna da jaka a trotro, wato motar haya. A riƙe ruwan sha da wannan littafi. Minti 45 ya isa a yi aikin gida na aji.

Darasi na 5: Busarwa

A jikin wuyan riga akwai 'yar takarda. Idan an zana da'ira cikin murabba'i aka soke ta da X, kada a sa rigar a injin busarwa. Hijabi mai roba da atamfa a kai gida a shanya a inuwa. Tawul da zanin gado su ne na inji. A ninke da zafinsu, guga za ta yi sauƙi.

Darasi na 6: Kafin a fita

A leƙa cikin gangar, safa takan manne a sama. A ƙirga kaya da takardar da aka rubuta.

Aikin gida: a zana durowa sau uku, a kewaye ramin sabulu. A kawo ranar Litinin.