Yadda nake ɗora lambar yabo a kakin soja

Ni tela ne a Marwa, kuma da zarar watan Mayu ya kama, shagona yakan cika da kaki, don kowa na son ya fito tsaf a faretin ranar 20 ga wata, ranar bikin ƙasa ta Kamaru. Yaran da ke koyon aiki wurina sun iya wando da riga, amma da an miƙo lambar yabo sai hannunsu ya hau rawa. To, ga yadda nake yi.

Kafin ka taɓa allura, ka nemi ganin takardar da ta zo da lambar. Ba raini ba ne. Sanya lambar da ba a ba mutum ba laifi ne a doka, kai da ka ɗinka ma sai ka sha tambaya. Ni dai nakan ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka mini da takardar in duba matakin." Wanda ya samu da guminsa ba ya jin haushi.

Matakin ne ke gaya maka wurin da za ta zauna. Ɗauki Ordre de la Valeur, babbar lambar girma ta Kamaru. Ta matakin farko, wato Chevalier, a ƙirjin hagu take rataya. Ta Officier ma nan ne, sai dai ƙyallenta na da ɗan curi kamar fure. Ta Commandeur a wuya ake ɗaura ta, ba ruwanta da aljihu. In lambobin sun yi yawa, mafi girma ce ke kusa da maɓallan riga, sauran su bi ta zuwa kafaɗa. Don haka Médaille de la Vaillance, wadda ake bai wa wanda ya nuna jarumtaka, ba ta shiga gaban Valeur, ko da mai ita ya fi ƙaunar ta.

In ranar ce za a maƙala masa, kada ka ɗinka komai. Yi ɗan madauki da zare mai ƙarfi, kalar kakin, sama da murfin aljihun hagu, yadda babban hafsa zai sarƙafa ta nan take. Ka ninka zaren sau huɗu, ƙarfen da nauyi.

Na yau da kullum kuwa ƙananan ƙyallayen nan ne da suke ce wa baret. Sa kwali siriri a ciki, ja ƙyallen ya miƙe, ka ɗinke da hannu ta baya. Keke yakan tattare shi. Kuma a sa wa mutum rigar, ya tsaya ƙyam, sannan ka ja layi da alli. Ƙirji ba tebur ba ne.

Dutsen guga kuma, a kul. Na taɓa ƙona ƙyallen wani kyaftin da ya dawo daga Kolofata, garin da Boko Haram suka afka wa sansanin BIR, rundunar kai ɗaukin gaggawa, a watan Janairun 2015. Gefe ɗaya ya narke ya yi baƙi. Na ce zan nemo sabo ko daga Yawunde ne. Ya juya shi a tafin hannu, ya daɗe yana kallo, ya ce in bar masa shi haka, in dai ɗinka daidai. Tun ranar, in zan goge riga sai na cire lambar na sa a aljihuna, in gama, rigar ta huce, sannan in mayar.